Rigar da Waya Ta Karanta

A bayan kasuwar Aujara akwai wata rumfar masaƙa mai gurbi bakwai, kuma duk wanda ya san rumfar ya san gurbin farko ya fi sauran shidan a haɗe. Shi ne a bakin hanya, shi ne a ƙarƙashin inuwar bishiyar maina, wato darbejiya, nan mai saye yake fara tsayawa, sau da yawa ma nan cinikin yake ƙarewa. Gurbi na bakwai kuwa yana can ƙurya, jikin katangar mai injin markaɗe, inda rana take sauka tun hantsi, awaki kuma suke zuwa ɗanɗana zare. Gurbin farkon nan na Lado ne. Ba da ƙwazonsa ya same shi ba, gadonsa ya yi daga mahaifinsa, marigayi Malam Abdurrahim, masaƙin da har yau tsofaffi suke gyara zama in za su ba da labarin aikinsa.

In za a faɗi gaskiya, Lado ya gaji hannun uban. Bakin ne dai ba a san inda ya samo shi ba. A bakin Lado, shi ne ya saƙa gwadon da wani attajirin Kano ya rufa da shi sau ɗaya ciwon bayansa na shekara tara ya warke. Shi ne kuma ya taɓa yin wadari, wato jan zaren saƙa, mai tsawon da sai da ya hau babur kafin ya ga ƙarshensa. 'Yan rumfa sun daina musu da shi tun tuni, don musu abincinsa ne. Sai dai su ce masa haka ne, su ci gaba da jefa ƙoshiyar saƙa.

Abin da ya tayar da maganar waya shi ne ranar da aka damfari Baba Yahuza, Sarkin Masaƙa, dattijon da yake gurbi na biyu. Wani mai baƙin gilashi ya tsaya da mota, ya zaɓi luru uku, manyan barguna na saƙi, ya danna waya, ya nuna wa tsohon wani koren abu ya ce an tura, ya ja motarsa. Baba Yahuza ya yi kwana uku yana kallon tasa wayar, ko tari ba ta yi ba. Daga nan rumfa ta yanke cewa ba a ƙara karɓar taransifa, sai kuɗi hannu. To amma wa yake yawo da kuɗi hannu a zamanin nan? Masu saye suka riƙa taɓa kaya suna yabawa suna wucewa.

Ana cikin haka Madam Angelina ta zo. 'Yar Filato ce, ma'aikaciya a wata ƙungiya da take tallafa wa masu sana'ar hannu a Dutse, mace mai haƙuri da Hausa tar a bakinta. Ta buɗe wa kowa asusu, ta kuma miƙa wa kowa kati mai ɗauke da wani tambari mai kusurwa huɗu, baƙi da fari, gida-gida. Ta ce mai saye zai haska tambarin da wayarsa, sunan mai kaya ya fito masa, ya karanta ya tabbatar, sannan ya tura. Ta ce kada kowa ya saki kaya sai wayarsa ta kansa ta shaida masa kuɗi sun shigo. Sau uku tana maimaita cewa kowa da nasa tambarin, ba a aro, ba a musanya. Duk sau ukun Lado bai ji ba, saboda yana can yana yi wa na kusa da shi bayanin yadda waya take aiki.

Da katinsa ya zo hannunsa, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, sai ya tuntsire da dariya.

"Madam, wannan ai saƙi ne," in ji shi. "Baƙi da fari, gida-gida. Kakana ya saƙa wanda ya fi shi wuya yana gyangyaɗi."

Nan take dabara ta faɗo masa, kuma Lado ba ya barin dabara ta kwana a ciki. Ya miƙe tsaye ya ce shi ba zai rataya takarda a rumfa kamar mai sayar da maganin basir ba. A jikin kayan zai saƙa tambarin. Duk gwadon da ya fita daga hannunsa, duk riga, za su tafi da shi. Mutum yana Kano, yana Legas, yana Makka ma, da ya ga kayan sun burge shi sai ya haska, kuɗi su faɗo Aujara, shi Lado yana kwance yana shan fura. Madam Angelina ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu ya ce ta bar wa masu sana'a sana'arsu.

Misbahu ne ya yi kuskuren tanka masa. Shi ne mai gurbi na bakwai, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda in ya yi magana goma a wuni an ce yau ya cika surutu. Cewa kawai ya yi yana ganin abin zai yi wuya.

Wannan kalma ta wuya ita ta kunna Lado. Ya dafa ƙirji ya ce jama'a su shaida: saura mako shida a yi baje-kolin masu sana'a a Dutse. In rigar da zai saƙa ba ta jawo kuɗi cikin wayarsa a gaban mutane ranar ba, ya bar wa Misbahu gurbin farko, shi ya koma jikin injin markaɗe.

"Lado, gurbin ubanka ne fa," in ji Baba Yahuza.

"Na sani, Baba."

"Ka janye. Ba wanda ya ji."

"Kowa ya ji, Baba. Wanda bai ji ba ma a faɗa masa."

Tsohon ya sake ba shi ƙofa karo na uku, Lado ya ƙi shiga. Kafin la'asar mai shayi ya ji, mai faci ya ji, matan da suka kawo markaɗe sun kai maganar gidajensu.

Washegari ya kafe katin a jikin masaƙa ya fara ƙirga gidaje. Nan ya ga abin da ya ɓata masa rai: tambarin yana da manyan idanu a kusurwa uku, ta huɗun babu. Ga masaƙi wannan abin kunya ne, ba a yi wa zane ado a gefe uku a bar ɗaya tsirara. Ya tara 'yan rumfa ya nuna musu, ya ce ai kwangila aka bayar, ɗan kwangila ya cinye kuɗin ido ɗaya, kuma shi ba zai saƙa ha'incin wani a cikin aikinsa ba. Ya ƙara ido na huɗu. Ya kuma warwatsa wasu gidaje da ya ga sun cunkushe wuri ɗaya, don a cewarsa aikin ya sha iska.

Bayan kwana biyar ya yanko ƙyallen gwaji, ya shimfiɗa a bakin hanya ya ce duk mai waya ya matso. Aka matso. Mai shayi ya haska, shiru. Mai faci ya haska, shiru. Lado ya ce matsalar sabis ce, ya ɗauki ƙyallen ya hau rufin kwanon mai markaɗe yana ɗaga shi sama, har kwanon ya loɓa mai injin ya fito da muciya. Da ya sauko sai ya ce wayoyin Aujara ne duk ba su da ilimi. Ya shiga bas ya tafi Kafin Hausa, inda ya ji ɗaliban jami'a suna riƙe da wayoyin da kuɗin ɗaya zai sayi bijimi.

A bakin titi ya tare wata ɗaliba mai irin wannan waya. Ta haska ƙyallen ta gaba, ta haska ta baya, ta ce masa ƙyalle dai ya yi kyau amma ba ya cewa komai. Ta ce ya nuna mata katin. Tana ɗora waya a kai ta yi ƙara, sunansa ya fito ɓaro-ɓaro. Yarinyar ta kalli katin, ta kalli ƙyallen.

"Baba, wa ya ƙara wannan idon?"

"Ni. Gyara na yi musu."

"To ka mayar musu da ɓarnarsu," in ji ta, ta wuce ƙawayenta suna riƙe da ciki.

Da ya dawo Aujara ya shaida wa rumfa cewa manyan malaman jami'a sun taru a kan aikin, sun yi mamaki ƙwarai, sun kuma roƙe shi alfarmar ya rage ido ɗaya saboda wayoyin zamani ba su kai matakinsa ba tukuna.

Sai ya koma kan babban aiki. Saƙar maza ba ta da faɗi, ƙwarya-ƙwarya ake yin ta, kowace kamar faɗin tafin hannu, sai tela ya haɗa su su zama riga. Lado yana son tambari babba wanda zai cika ƙirji, don haka ya raba shi kan ƙwarya takwas. Kwana tara yana wannan aiki, ya kai wa tela ya ce gobe zai karɓa. Telan ya baza ƙwaryoyin ya ga ba su da kai ba su da gindi, sai ya haɗa su yadda idonsa ya ga ya fi kyau. Ya kawo idanu biyu tsakiya kusa da juna, na ukun ya sauko da shi ƙasa. Da Lado ya ɗaga gaban rigar sai ga fuskar mujiya tana kallonsa. Aka yi ta cacar baki har aka tara mutane. Telan ya ce shekararsa talatin yana haɗa saƙa ba a taɓa ce masa ƙwarya tana da yaya da ƙane ba. Lado ya ce masa ko buhu bai cancanci ya ɗinka ba. Telan ya ce ya yarda, amma Lado ya biya shi kuɗin ɗinkin mujiyarsa.

Wata masifar kuma tana jiransa a gida. Lado yana da al'adar masaƙa ta ƙirga: duk gidan da ya ƙirga sai ya soka masa allura don kada ya maimaita. Gwaji biyu, ƙirga ba adadi, katin ya zama huji a kan huji. Matarsa Ikilima ta ɗaga shi a rana ta tambaye shi ko ya gama da shi ta tankaɗe garin kuka. Ya kasa gane baƙi daga fari, ga baje-koli saura mako uku. A ranar ne karo na farko tsoro ya taɓa shi, ya je ya zauna a gurbinsa yana shafa turakun da ubansa ya kafa da hannunsa. Amma tsoron Lado ba ya daɗewa, da gari ya waye ya kama hanyar Dutse karɓo sabon kati.

A ofis aka ce Madam ta tafi Miga rabon kati ga maƙera, sai jibi. Lado ya yi tsaki ya koma tasha. Yana jiran mota ta cika ya sha kunun aya gora biyu wanda ya wuni a rana, ya ɗora da awara mai yaji. Kafin fasinja na biyar ya shigo cikinsa ya fara kiran sunansa. Ya dira daga motar ya nufi gidan wanka da ba-haya na wani mutum da ake kira Ɗan'inna, a bayan tashar, yana tafiya irin ta wanda ba ya son a gaishe shi.

Da hankalinsa ya dawo jikinsa, yana tsugune, ya ɗaga kai. A jikin ƙofar, daidai fuskarsa, ga tambari an manna, babba kamar faifai, gidajensa manya-manya ko makaho zai ƙirga. Idanu uku, kusurwa ɗaya tsirara, sak irin nasa. Lado ya ce Allah mai yadda ya so.

Kada a ce hauka ce zalla. A wurin masaƙa zane ba shi da mai shi. Ka ga wani ado a jikin rigar baƙo a kasuwa, ka bi shi a baya kana ƙirga zare, ka koma gida ka saƙa, kaya naka ne, ciniki naka ne, tun kaka da kakanni haka ake yi. Saƙin Aujara da saƙin Miga duk saƙi ne. Don haka a lissafin Lado tambari tambari ne, kuɗi kuma hannun da ya saƙa za su bi. Ya zaro fensir da takardar awara ya fara kwafa.

Ya yi rabin sa'a aka fara ƙwanƙwasa. Ya yi sa'a ɗaya layi ya kai bakin titi, har wani direba yana rantsuwa zai ɓalle ƙofar. Ɗan'inna da kansa ya zo ya kara kunne.

"Malam, lafiya kuwa a ciki?"

"Ƙirga nake."

"Ƙirgan me?"

"Ba a yi wa mai sana'a tambaya yana kan aiki."

Ɗan'inna ya juya ya gaya wa 'yan layi cewa shekararsa goma sha ɗaya a wannan harka, yau ya fara ganin wanda ya mayar da abin sana'a. Da bugun ya yi yawa, ga takardar awara ta jiƙe da mai, Lado ya sa farce ya ɓamɓare takardar ƙofar gaba ɗaya, ya ninke ta ya cusa a wando, ya fito yana ɗingishi don ƙafafunsa sun mutu. Ɗan'inna ya karɓi kuɗin mutum uku a hannunsa, ya kuma ƙare wa fuskarsa kallo.

Wannan karon Lado ya ce ba gwaji. Ya gano cewa bakin mutane da idon mahassada su suka lalata na baya. Ya kwashe masaƙarsa ya kai gida, ya kewaye da zana, ya hana kowa leƙawa. Ya yi aiki irin wanda bai taɓa yi ba tun yana saurayi, gida bayan gida, zare bayan zare, bai ƙara ba bai rage ba. Ya ɗaura wa kowace ƙwarya ƙulli gwargwadon matsayinta, ya je ya zauna a kan telan har aka haɗa. Ya fitar da riga ɗaya da gwado shida, kowanne da tambarinsa.

Saura kwana biyu Misbahu ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce shi fa ba ya son gurbin nan ta wannan hanya, Yaya Lado ya bari ya haska rigar sau ɗaya a ɓoye, in da gyara a yi. Ya kuma tambaya, da yake an ce katin ya lalace, ina aka samo wani, don Madam ta ce kowa da nasa. Lado ya ce masa ya ga alama inuwar maina ta fara yi masa ƙamshi, ya je ya ci gaba da gadin awaki.

Ranar baje-koli Dutse ta cika. Rumfuna jere, lasifika tana tsage kunne, maƙera da dukawa da masu tukwane kowa da kayansa da katinsa a rataye. Mutanen Aujara sun zo mota biyu, ba don saye ba. Babbar baƙuwa ita ce Hajiya Adawiyya, 'yar kasuwar da take sayen kayan hannu tana fitarwa waje, tana zagayawa da mai gabatarwa a gefenta da Madam Angelina a bayanta. Suna isowa rumfar masaƙa Lado ya fito cikin rigarsa, ya karɓe abin magana daga hannun mai gabatarwa ba tare da an ba shi ba. Ya ce yau za a ga abin da Turawa suka kasa, Sinawa suka kasa, jami'a ta sallama. Ya buɗe hannuwa ya ce Hajiya ta haska.

Hajiya ta haska. Iska tana kaɗa rigar, waya ba ta kama ba. Aka sa mutum biyu suka ja hannayen rigar dama da hagu. Ba ta kama ba. Madam Angelina ta ce tambarin ya lanƙwashe ne a tsakiya, kowa ya kalli inda ya lanƙwashe, wato tumbin Lado. Aka ce ya haɗiye ciki. Ya haɗiye har idanunsa suka firfito, wayar ta yi kamar za ta kama, numfashi ya ƙwace masa, tumbi ya dawo wurinsa. Wani ya ce ya tuɓe rigar mana a shimfiɗa. Lado ya ce ba zai tsaya da singileti a gaban Hajiya ba. Ƙarshe aka share teburin masu tukwane, ya hau ya kwanta rigingine, ƙarti huɗu suka ja kusurwoyin rigar kamar masu shanya fata, Hajiya ta taka benci ta ɗaga waya a kansa.

Wayar ta yi ƙara.

Wuri ya kaure da sowa. Madam Angelina kanta ta dafe baki, don ba ta taɓa zaton zare zai yi wannan ba. Lado, yana kwance ana danne da shi, ya riƙa kiran sunan Misbahu yana cewa ya fito ya gani, ina telan nan, ina mai markaɗe. Hajiya ta ce lallai sai ta sayi gwado biyu, ta kai yatsa za ta danna.

"Hajiya, a fara karanta suna," in ji Madam Angelina. "Haka muke koya wa kowa."

Hajiya ba ta zo da tabaranta ba, sai ta miƙa wa mai gabatarwa. Shi kuwa mutum ne mai son aikinsa. Ya gyara murya, ya kara abin magana a baki, ya karanta da irin muryar da ake sanar da ɗaurin aure: "Gidan Wanka da Ba-haya na Ɗan'inna, Bayan Tasha. Fitsari, ba-haya, wanka. A zaɓi ɗaya."

 Sai ƙartin nan huɗu suka saki rigar a tare, don dariya ta kashe musu hannu. Hajiya ta sauko daga benci a hankali ta tambayi Lado wanne yake ba ta shawarar ta zaɓa. Matasa suka yi kan gwadunan shida da wayoyi, kowanne aka haska sai ya amsa da murya ɗaya. 'Yan neman magana suka fara turawa da gangan, wannan ya biya na fitsari, wancan ya ce shi mai hali ne ya biya na wanka.

Ɗan'inna kuwa yana nan a filin, don shi aka ba aikin kula da ban-ɗakunan baje-kolin. Ya ji an ambaci sunansa a lasifika, ya ji wayarsa tana ta kuka a aljihu alhali ba kowa a layi. Ya kutso cikin taron, ya ga tambarinsa a ƙirjin mutum, ya ɗaga kai ya ga fuskar.

"Ai kuwa shi ne," in ji shi. "Mai ƙirga. Sa'a ɗaya da rabi ya yi min a lamba huɗu, ya fito ƙofa ba takarda."

Mai gabatarwa, don kada na baya su rasa, ya maimaita wannan ma a lasifika.

Lado ya sauko daga tebur, amma bakin bai mutu ba tukuna. Ya ce jama'a su yi adalci: riga ta yi magana ko ba ta yi ba? Waya ta karanta ko ba ta karanta ba? Kuɗi sun motsa ko ba su motsa ba? Saura kawai a daidaita musu hanya. Baba Yahuza ya matso da sandarsa, ya kama gefen rigar ya kai kusa da ido, ya daɗe yana bin zaren da yatsa. Ya ce shekararsa sittin a masaƙa bai ga ƙirga mai tsabta irin wannan ba, ko Malam Abdurrahim sai ya yi da gaske. Lado ya fara kumbura. Sai tsohon ya ce ya fito da wayarsa.

Ya fito da ita. Aka duba. Saƙo ɗaya ne a ciki, na Ikilima, tana cewa ya taho da manja.

"Cewa ka yi cikin wayarka," in ji Baba Yahuza. "Sau uku na ce ka janye."

Washegari da hantsi aka yi sauyin. Misbahu ya sake cewa shi ya yafe, kowa ya zauna inda yake. Da Lado ya yi shiru, da an bar shi. Amma ya ga mutane sun taru a bakin hanya suna kallo, sai ya ce shi ba a yafe masa magana, kuma dama inuwa tana sa masaƙi lalaci, ya daɗe yana neman wurin da rana za ta gasa masa basira. Ya tsuguna ya fara cire kayansa. Turakun da ubansa ya kafa sun ƙi fita, sun yi shekara hamsin a ƙasar nan, ya ja ya ja ya bar su. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ciwon da bai taɓa ji ba, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi. Ya ɗauki ƙoshiyarsa da allerarsa ta jera zare ya bi bayan masaƙa biyar ya wuce ƙurya, ba wanda ya ɗaga kai ya kalle shi, wannan ma ya fi dariyar zafi.

Gwadunan shida Ɗan'inna ne ya saye su, ya ce a bar maganar takarda, ya yi labule da su a ƙofofinsa. An ce ciniki ya ƙaru. Rigar kuwa tana ƙasan akwati, Ikilima ta ce in ya sake sa ta ya fita, ita gidansu za ta tafi.

Madam Angelina ta aiko masa da sabon kati, ya rataye shi a jikin katangar mai markaɗe kamar kowa. Daga inda yake zaune yana jin mota ta tsaya a bakin hanya, yana jin ana taya kaya a ƙarƙashin maina, yana jin wayar Misbahu ta yi ƙara. Duk wanda ya daure ya ƙaraso ƙurya, Lado zai kori akuya da ƙafa ya shaida masa cewa a duk faɗin Jigawa shi kaɗai ne masaƙin da waya ta taɓa karanta saƙarsa. Gaskiya ce, ba mai musa masa. Sai dai a tambaye shi, cikin ladabi, me wayar ta karanta. A nan ne kawai ake jin Lado ya yi shiru, ya sunkuya ya ci gaba da jefa ƙoshiya.